Sunana da Fensir

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, mahaifiyata ma haka. Idan tana so in ɗebo ruwa sai ta ce, "Wani ya duba randa," ko da kuwa ni kaɗai ne a tsakar gida. Shi kuma sai ya ce "kai," yana kallon wani wuri daban. Kunya ce irin ta iyaye ga ɗan fari, kuma a Tambuwal abin bai taɓa damuna ba. Ina da kaka mai kiran sunana sau hamsin a wuni, ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya kai ni makaranta da hannunsa, shi ke karɓar sakamakon jarrabawata, shi ke zuwa in an ce a turo iyaye. A hannun waɗannan biyun na gama aji biyu, har na zo na huɗu a jarrabawa.

A daminar shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, kakata ta rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki zuwa Kebbe, domin shi malamin asibiti ne, mai ba da magani da yin allura a ƙaramin ɗakin shan magani na hukuma. Aka loda mu a bayan mota da gadaje da tukwane da sabon babur ɗin da ya saya da ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Baffa ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga mana hannu. A lokacin ban san cewa bakina ne gaba ɗaya muka bari a Tambuwal ba.

Ranar da aka buɗe makaranta, mahaifina ya sa tsohon leburan asibiti ya raka ni. Tsohon ya kai ni bakin fili, ya ce, "To, ga ta nan," ya juya. Ban taɓa ganin yara masu yawa haka ba. An kwaso su daga cikin gari da ƙauyuka, har daga wajen Fakku, wasu na kuka, wasu na riƙe da ƙullin fura, wasu kuwa sun isa riƙe garma. Wani matashin malami na zaune a gindin dalbejiya da tebur da babban littafi. Duk yaron da ya zo gabansa sai ya sa shi ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, shekarunsa sun isa, sai a rubuta shi. Wanda bai kai ba, sai baɗi.

Da aka zo kaina na kamo kunnen har da saura. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka wata jarrabawa ce ta baƙi na ci. Ya tambayi sunana da garinmu, ya rubuta su a jere da fensir, sunan gari a matsayin sunan uba kamar yadda ake yi a lokacin. Sannan ya nuna mini layin 'yan aji ɗaya.

Na ce, "Malam, ni aji ukku nike."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, kuma gaskiya ba wani abin kallo mai yawa, don ni ɗan tsurut ne har na girma. Ya ce, "Kowa haka shika cewa. Ina takardakka?"

Ban san wata takarda ba. Ya ce takardar canjin makaranta, wadda hedimastan can zai sa wa hannu. "Ka zo da ita, ko ka zo da ubanka. Wuce."

Makarantar tana da ɗakuna huɗu, ajujuwa kuwa sun fi haka. Sababbin ɗakunan da aka ce za a gina suna nan a matsayin tulin bulo da buhunan siminti a ƙarƙashin tamfol. Don haka aka raba mu yadda ya samu. Aji ɗaya ya kasu uku: kashi biyu a gindin bishiya, kashi ɗaya kuma aka cusa mu a ɗaki guda da 'yan aji uku. Ɗakin na da allo a kowane ƙarshe. 'Yan aji ɗaya mu kalli gabas, 'yan aji uku su kalli yamma, muna bai wa juna baya. Na gaba a cikinmu suna zaune a ƙasa. Ni da yake na san darajar benci tun daga Tambuwal, na ruga na kama na ƙarshe, wanda yake tsakiyar ɗaki daidai. Bencin ba shi da majingina, kuma mu biyu muke raba faɗinsa: ni ina kallon gabas, wani ɗan aji uku mai faɗin kafaɗa yana kallon yamma, bayansa na gogar nawa.

Haka na shiga wata rayuwa da har yau in na tuna ta kaina ke juyawa. Da safe mu share fili, a buga tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya, mu yi layi a duba farce da haƙora da kai, a yi fareti a shiga aji. Sai malamai biyu su buɗe rajista biyu a lokaci guda, sunaye su riƙa karo a sama. Daga nan malaminmu, wato matashin nan na gindin dalbejiya, ya ce mu fito da tsakuwa mu ƙirga ɗaya zuwa goma. A bayana kuma malamin aji uku, wani dattijo mai tabarau, yana koyar da lissafin sau. Idona na kan tsakuwa, kunnena na can baya. In an ce mu maimaita baƙaƙe da wasula, bakina na maimaitawa, zuciyata na bin labarin ƙasa, ana lissafa gulaben jiharmu sabuwa. Da aka raba littattafai daga cikin kwalaye, sababbi fil masu ƙamshi, ni aka ba ni mai hoton akuya da ƙwarya, wanda na haddace tun shekara biyu da suka wuce.

Malaminmu ma ba wai ya fi mu sanin inda aka dosa ba ne. Bai daɗe da gama aji bakwai ba aka yi masa ɗan kwas na makonni aka miƙa masa alli. Jadawalin darussa na manne a bango, amma an zana shi ne don aji mai ɗaki nasa. Inda aka rubuta mana waƙa, an rubuta wa aji uku shifta. Mu tashi da waƙa iya ƙarfinmu, dattijon ya cire tabarau ya tsaya yana kallon rufi har mu gama. Wani lokaci su yi shawara a tsakiyar ɗaki, daidai kaina, su yi musayar darasi, sai wilin ya buga kafin su gama shawarar. Lokacin da kawai ɗakin ke zama lafiya shi ne in malamin Arabiyya ya shigo. Shi ba ruwansa da gabas ko yamma, tsakiya yake tsayawa, kowa ya juyo, mu karanta tare. A wannan rabin awar kaɗai nake jin na san ko ni wane ne.

Wata rana dattijon ya tambayi bakwai sau takwas. Ya bi ajinsa da kallo ta saman tabarau. Ya sake tambaya. Ni kuwa amsar ta cika mini baki, ban san lokacin da ta fita ba, ina kallon allon aji ɗaya na ce, "Hamsin da shidda." Dattijon ya ce madalla, wa ya faɗa? Ba wanda ya ɗaga hannu a ajinsa. Malaminmu kuma ya taho da tsumagiya yana neman mai surutu. A minti ɗaya na sami yabo daga yamma da bulala biyu daga gabas.

Bayan an fita tara, dattijon ya kira ni ya yi mini tambayoyi, ya ba ni littafin ajinsa na karanta masa shafi guda. Ya gyaɗa kai ya ce lalle akwai magana. Suka je wurin hedimasta tare da malaminmu. Hedimasta a makonnin nan ba ya zama, kullum yana hanya, karɓo kwalaye ko neman malamai ko bin ɗan kwangila. Suka same shi yana ɗaure kaya a bayan babur. Ya ce shi ba ya musun yaro na da ƙoƙari, amma an yi masa kashedi daga ofishin ilimi kada a ɗaga kowa sai da takarda, don iyaye da yawa na son a tsallakar da 'ya'yansu. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a ta sama za a bi sunayen rajista da tawada a aika da lissafin yara ofis. Wanda tawada ta same shi a aji, nan zai zauna.

Dattijon ya dawo ya gaya mini haka, ya ce, "Ka gaya ma babanka shi zo. Magana ta minti biyat ta."

A wurinsa magana ce ta minti biyar. Ni kuwa na tsaya ina lissafin abin da zan rasa. Shekara biyu cur. Abokaina na Tambuwal za su shiga aji biyar ina aji uku, su tafi sakandare ina nan ina goga baya da wani. Ƙanwata mai shekara biyar, in hannunta ya kai kunne baɗi, aji ɗaya ne kawai zai raba mu. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ban san ta inda ake fara gaya wa mahaifina magana ba, don ban taɓa yi ba. Ba wanda ya hana ni. Kawai dai tsakanina da shi babu wannan hanyar, kullum ta wurin kaka ko baffa ake bi.

Na fara da mahaifiyata. Ban tunkare ta kai tsaye ba, na zaunar da ƙanwata a kusa da murhu na ba ta labarin duka da babbar murya, har da tawada da Juma'a. Yarinyar na cin gyaɗa tana kallona. Mahaifiyata na tuƙa tuwo, ba ta juyo ba. Da na gama sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya ma mai ƙorafi tuwonai na hucewa." Na ci tuwon ina tunanin ko ta ji, ko ba ta ji ba, ko ta ji amma ba ta ga abin damuwa ba.

Washegari na tsaya kusa da mahaifina yana goge babur. Na ce, "Baba, makaranta..." Sauran maganar ta maƙale. Ya ci gaba da goge madubi, ya ce, "To. A yi ta ƙoƙari." Ya taka babur ya tafi.

Sai na koma ga dabara. Ana tashin 'yan aji ɗaya da ƙarfe goma sha biyu, manya kuwa sai ɗaya da rabi. Hanyar gida ba ta bi ta asibiti ba, amma na mayar da ita ta nan. Kullum sha biyu da 'yan mintuna sai in wuce ta gaban tagarsa a hankali, ina jan ƙafa, da littafin akuya a hannu inda za a gan shi. Ina cewa a raina, mutumin da ya yi makaranta ai ya san ɗan aji uku ba ya yawo a wannan lokacin. Sau biyu muka haɗa ido. Sau biyun ya mayar da kansa ga mai jinyar da ke gabansa.

Ranar Asabar da sassafe na ji tashin babur. Mahaifiyata ta gaya wa ƙanwata cewa an tafi Tambuwal karɓo magani. Na ji kamar in yi kuka, don da na sani da na rubuta wa baffa wasiƙa, ko da ban san wa zan ba ba. Na kuma yi mamaki, don ƙarshen wata ake karɓo magani, ga shi wata bai yi rabi ba, hanya kuma damina ta cinye ta. Ya dawo Lahadi da la'asar, taɓo har gwiwa, kuma ban ga kwali a bayan babur ba. Na jira a ce wani abu. Aka kawo masa ruwa ya yi wanka, ya tambayi ƙanwata ko ta yi rigima, ya kira sunanta har sau biyu.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Na daina bi ta asibiti. Na fara gaya wa kaina cewa wataƙila ni ne ban gane ba, wataƙila in an canja gari ana sake makaranta ne daga farko, kowa ya sani ban da ni. Har na fara shakkar ko na yi aji biyun nan da gaske. Ranar Laraba malaminmu ya ce mu rubuta ɗaya zuwa ashirin a ƙasa da yatsa, na rubuta, kuma na lura ban ma saurari abin da ake yi a bayana ba.

Ranar Alhamis, ana cikin darasi na biyu, sai wilin ya buga ba a kan lokaci ba. Muka fito muka tarar da tebur a gindin dalbejiya, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Tsohon leburan asibiti na jera auduga da kwalabe, mahaifina na tsaye cikin farar rigarsa ta aiki. Allurar rigakafi aka zo yi. Nan take fili ya rikice, ƙanana suka fara kuka tun ba a taɓa su ba, wasu manya biyu suka tsallake darni suka shige gero.

Hedimasta ya fito daga ofis yana gyara hula. Da yake layinmu ne a gaba, na ji abin da ya ce. "Malam, lafiya? Ai mako mai zuwa munka yi da kai."

Mahaifina ya ce, "Maganin ba shi son jira."

Hedimasta ya dubi kwalaben, ya dubi yaran, ya ce to, tunda an zo. Aka kawo rajistoci. Tsarin shi ne mai allura ya kira suna, yaro ya fito, a yi masa, a sa alama. Aka fara da kashinmu. Mahaifina ya riƙe littafin yana kira da muryarsa ta aiki, ɗaya bayan ɗaya, yaro ya fito yana noƙewa, ya koma yana riƙe da dantse. Ni na san bayan wa nake, don kullum ina jin jerin. Tun saura mutum biyar nake ƙirgawa. Allurar ba ta dame ni ba. Abin da nake tambayar kaina shi ne yadda zai yi in ya iso wurin, a gaban malamai da yara sama da ɗari.

Aka kira na gabana, aka yi masa, ya koma. Mahaifina ya sa yatsa a layi na gaba, ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har malaminmu ya matso zai taimaka masa da karatun, yana zaton rubutunsa ne bai fita ba.

Mahaifina ya juya littafin wajen hedimasta, yatsansa na nan a wurin. Ya ce, "Akwai kuskure nan. Wanga ba ɗan aji ɗaya ba na. Ya ƙare aji biyu Tambuwal."

Hedimasta ya leƙa, ya ce, "Af, yaron nan na. An yi man maganatai. Sai dai ba takarda, kuma uban bai zo ba."

Mahaifina ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da takarda a ninke huɗu. Ta yi laushi da zufa, gefenta ɗaya da ɗigon taɓo. Hedimasta ya warware ta ya karanta a hankali. A irin wannan takardar ana rubuta cikakken sunan uba da aikinsa. Na ga idonsa ya tsaya a wurin, ya ɗago ya dubi mahaifina, ya dube ni, ya sake duban takardar. Hedimasta babban mutum ne, ɗan ƙasar nan, ba ya bukatar a yi masa bayani. Amma malaminmu, da yake yaro ne, sai ya ce, "Malam, kai ina ka san shi?"

Mahaifina na cika sirinji, bai ɗago ba. Ya ce, "Na san gidansu."

Hedimasta ya yi tari, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya karɓi roba a hannun malaminmu ya goge layin da kansa, ya hure. Sannan ya ce, "To, Malam, in ka ga uban ka ce mai mun gode. Ya kyauta."

"Shi ji," in ji mahaifina. Ya ɗan karkato wajen layinmu, yana kallon saman kaina, ya ce, "Kai, taho."

Na je. Ya kama dantsena, ya goga auduga mai sanyi, ya soka. Bai dubi fuskata ba. Ya danna audugar a wurin, ya ɗan daɗe bai saki ba, fiye da yadda ya yi wa sauran, ko kuma ni ne na ga haka. Sannan ya kira na bayana.

Da muka koma aji, kowa na riƙe da hannu yana shessheƙa, dattijon mai tabarau ya rubuta sunana a ƙarshen rajistarsa, da tawada tun a ranar. Na tsaya da jakata ina jiran a nuna mini inda zan koma. Ya dubi ɗakin, babu wuri ko na ɗora ƙafa. Ya ce, "Ina kake zaune?" Na nuna masa bencin tsakiya. Ya ce, "To, juyo." Na ɗaga ƙafafuna na tsallake bencin na fuskanci yamma, mai faɗin kafaɗa ya matsa mini kaɗan yana gunaguni. Ƙarin ajin da na yi mako uku ina nema ke nan.

Na daɗe ina juya abin a raina. Takardar ta kwana huɗu a aljihunsa. Zai iya ba leburan ya kai, zai iya ajiye ta a kan jakata, zai iya ba ƙanwata ta miƙo mini. Bai yi ko ɗaya ba, sai ya ɗauko allurar makaranta guda ya matso da ita mako ɗaya, yara sama da ɗari suka koma gida da kumburin dantse ba shiri. Ban taɓa tambayarsa ba har ya bar duniya, kuma na san da na tambaya zai ce maganin ne ba ya son jira.

Ranar Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci, don haka sai Litinin na yi cikakken wunin aji uku. Da aka buga wili ƙarfe ɗaya da rabi, na bi ta asibiti. Ba kowa a bencin masu jira, an gama ganin marasa lafiya tun ɗazu, lokacin tashinsa ma ya wuce. Yana tsaye a taga. Da ya hango ni sai ya dubi agogon hannunsa, ya jawo tagar ya rufe, na ji yana neman makullin babur.